Kartaj ko Ostiya: wacce tsabar Rumawa za ka fara saya?

Malam, na ga tambayarka, na kuma duba hotunan nan biyu da kyau. Ka ce dillali ya nuna maka tsabar tagulla biyu, kuɗin hannunka na ɗaya ne kawai, kuma abin da kake son tarawa shi ne tsabar da alamar maƙerarta, wato gidan da aka buga ta, ta fita daban. Ta farko tana ɗauke da sunan IMP MAXIMIANVS P F AVG, a bayanta mace ce tsaye da 'ya'yan itace a hannu biyu, da harafin H a gefen hagu, da B a gindi. Dillalin ya ce ta Kartaj ce, tsohon birnin da ke kusa da Tunis na yanzu, kai kuma hankalinka bai kwanta ba saboda ba ka ga sunan gari a gindin ba. Ta biyu ta Ostiya ce, tashar jiragen ruwan birnin Rum, da sunan sarki Maksentiyus, samari biyu riƙe da dawakai, a gindi an rubuta MOSTP.

Ni dai ta Kartaj zan ɗauka. Amma bari in jera maka su kafaɗa da kafaɗa, ka ga dalili da idonka.

Tun daga gyaran kuɗin da sarkin Rum Diyokletiyan ya yi wajen shekarar 294 miladiyya, al'adar maƙerun Rum ita ce a ja layi a ƙasan bayan tsaba, a rubuta gari da rumfar da ta buga a ƙarƙashinsa. Da na ce rumfa, ina nufin sashen aiki, domin kowace maƙera an raba ta sassa, kowane sashe da harafinsa, yadda in aka sami tsabar da nauyinta ya gaza za a san wanda za a tuhuma. Ta Ostiya ta bi wannan tsari sak. M na nufin maƙerar kuɗi, OST garin Ostiya ne, P kuma rumfa ta farko. Za ka ga MOSTS, MOSTT da MOSTQ na rumfa ta biyu, ta uku da ta huɗu, a bugun farko-farko kuma akwai masu haruffan Girkanci, MOSTA, MOSTB da sauransu. Duk wanda ya koyi karatun gindin tsaba na mako guda zai karanta ta. Abin da ya sa masu tarawa ke son alamar shi ne gajartar kwanan maƙerar: an buɗe ta wajen 308 zuwa 309, an rufe ta a 313, ko shekara biyar ba ta cika ba.

Ta Kartaj kuwa, abin da ya tayar maka da hankali shi ne ainihin darajarta. Dillalin ya faɗi gaskiya. Sunan garin yana nan, sai dai ba a gindi ba. Bi rubutun da ya kewaye matar a hankali, za ka ga SALVIS AVGG ET CAESS FEL KART, ma'ana muddin sarakuna da yarimominsu suna cikin aminci, Kartaj na cikin albarka. Matar kanta ita ce Kartaj, an zana gari a siffar mace. Tunda an ambaci gari a rubutun kewaye, kuma an zana shi a tsakiya, sai masu sassaƙa hatimin suka bar gindin da harafin rumfa tsurarsa. A bugun da ya gabaci wannan, mai rubutun FELIX ADVENT AVGG NN, sun sa PKA, PKB da makamantansu a gindi, inda K ke tsaye a madadin Kartaj. A can macen Afirka ce, da fatar kan giwa a kanta, da haure a hannu, da zaki a ƙafarta.

Harafin B ɗin ma ba lissafin rumfa kaɗai ba ne. A lokacin sarakuna huɗu ne ke mulki tare, tsarin da aka kafa a 293: manya biyu, Diyokletiyan da Maksimiyan, da ƙanana biyu, Kwanstantiyus da Galeriyus. Kartaj tana da rumfa huɗu, sai aka ba kowane sarki tasa. Rumfar A ta Diyokletiyan ce, B ta Maksimiyan, Γ ta Kwanstantiyus, Δ ta Galeriyus. Kana ganin harafin gindi ka san fuskar wa za ka tarar in ka juya tsabar.

Sai H ɗin nan na gefe, wanda a wurina shi ne kan magana. Sarakunan huɗu sun kasu gida biyu bisa gumakan da suka jingina sarautarsu gare su. Diyokletiyan da Galeriyus 'yan gidan Jufita ne, wanda a Latin sunansa ke farawa da I. Maksimiyan da Kwanstantiyus 'yan gidan Harkulis ne, shi ne H. Kartaj ta riƙa buga wannan harafi a filin tsaba a wasu bugunta. Amfaninsa gare ka babba ne, domin akwai tarkon da ke kama sababbin masu tarawa: Galeriyus ma a kan tsaba MAXIMIANVS ake rubuta masa. Kafin 305 rarrabe su da sauƙi, shi NOB CAES ne, wato yarima, Maksimiyan kuma AVG, wato babban sarki. Amma ranar 1 ga Mayu 305 manyan biyu suka yi murabus, Galeriyus ya hau matsayin babba, rabon rumfunan ya sauya, ya koma B. Daga nan sai ga tsaba mai IMP MAXIMIANVS P F AVG da B a gindi, alhali ta Galeriyus ce. Harafin gefe ne ke raba gardama. In I ne, Galeriyus. Taka H ce, don haka ta tsohon Maksimiyan ce. Tsabar da ke ɗauke da alama uku, kowace na tabbatar da 'yar'uwarta, ita ce irin wadda nake kira mai alama ta daban.

Ta fuskar tarihi, tsabar biyu kamar uwa da 'ya suke. An buɗe maƙerar Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu, wajen 296 zuwa 297, lokacin da Maksimiyan ya ƙetaro Afirka ta Arewa don yaƙar ƙabilun Barbar da suka yi tawaye a Muritaniyar Rumawa, wato yankin Aljeriya ta yau. Soja sai da albashi, albashi kuma sai da maƙera a kusa. Ranar 28 ga Oktoba 306 Maksentiyus ɗan Maksimiyan ya karɓe birnin Rum, Afirka ta bi shi, Kartaj ta buga masa tsaba da laƙabin yarima, NOB CAES, wanda sauran maƙerunsa ba su ba shi ba. Wajen 307 aka dakatar da aikinta. A 308 wakilin gwamnati a Afirka, Domitiyus Aleksanda, ya yi tawaye, ya tare alkamar da birnin Rum ke rayuwa a kanta. A daidai wannan tsakanin ne Ostiya ta buɗe, kuma yawancin masana na ganin ma'aikatan Kartaj ne aka kwaso aka zaunar a can. Ostiya ita ce tashar jiragen ruwan Rum, a bakin kogin Tiber, ƙofar da alkamar Afirka ke shigowa ta cikinta.

Shi ya sa ba na raina ta Ostiya ko kaɗan. Samarin nan biyu Kasto da Foluks ne, tagwayen da Rumawa ke ɗauka masu tsaron birninsu, rubutun kuma AETERNITAS AVG N ne, fatan dawwama ga sarki. Akwai wani bugu da aka saka kyarkeciya tana shayar da jarirai biyu a tsakanin dawakan, in ka ci karo da shi wata rana kada ka wuce. Maksentiyus ya jingina mulkinsa kacokan a kan tsohuwar martabar birnin Rum, tsabarsa kuma ta nuna haka. Daga wannan maƙera ne kuma aka buga tsabar tunawa da ɗansa Romulus da ya rasu a 309, mai hoton ƙubba da gaggafa a samanta. Duk lokacin da na riƙe irinta sai jikina ya yi sanyi, domin uba ne ke makokin ɗansa a kan kuɗin da jama'a ke cefane da shi. Shekara uku bayan haka, ranar 28 ga Oktoba 312, shi ma ya nutse a Tiber a yaƙin gadar Milbiyan. Kwanstantin, wanda ya ci shi a yaƙin, ya gaji maƙerar, ya buga tsabarsa a cikinta 'yan watanni da wannan alama ta MOST, sannan a 313 ya kwashe ta zuwa garin Arl a kudancin Faransa.

A hannu ma sun bambanta. Ta Kartaj babba ce, nauyinta wajen giram 10, faɗinta kusan milimita 27 zuwa 29, kuma asali an shafe ta da azurfa siririya wadda wani lokaci ake ganin ragowarta tsakanin haruffa. Ta Maksentiyus ta ragu zuwa wajen giram 6 ko 7, faɗi kusan milimita 25. Na Kwanstantin daga Ostiya sun ƙara raguwa, giram 4 da wani abu. Ka nemi dillalin ya ba ka nauyi da faɗin kowacce kafin ka biya. In ya ce bai da sikeli, wannan kansa amsa ce.

Wajen wuyar samu, kada kowa ya ruɗe ka. Duk da gajartar kwanan Ostiya, ta buga tsaba da yawan gaske, kuma mai tagwaye da dawakai tana cikin waɗanda aka fi gani a kasuwa. Mai FEL KART ma ba ta da wuya. Dukkansu kayan mai farawa ne, ba na wanda zai sayar da fili ba. Wadda ke da wuya da gaske a wannan zuri'a ita ce ta Domitiyus Aleksanda, wanda ya sake kunna wutar maƙerar Kartaj a lokacin tawayensa, da alamar PK da sassaƙa mai kaushi, kafin rundunar Maksentiyus ƙarƙashin Rufiyus Bolusiyanus ta murƙushe shi. Irinta ta gaske dubban daloli ake sayarwa a gwanjo, jabunta kuma sun yi yawa. In aka kawo maka ita da araha, ka mayar.

Akwai abu ɗaya da zai iya juya shawarata, shi ne lafiyar alamar kanta. A hoton da ka turo, H da B sun fito tangaram, kuma ana karanta KART a ƙarshen rubutun. A ta Ostiya kuwa ƙasan haruffan ya ɗan zame daga bakin tsabar, har P ɗin na iya zama T. Wannan ya zama ruwan dare a tsabar Maksentiyus, saboda sau da yawa hatimin bai sauka a tsakiyar ƙarfen ba. Na taɓa sayen irinta daga wani dillali bisa hoto mai duhu, da ta iso sai na tarar MOS kawai ake gani, harafin rumfa ya tafi gaba ɗaya. Har yau tana wurina, amma ba zan iya cewa ga rumfar da ta buga ta ba. Ga mai tara fuskokin sarakuna wannan ba komai ba ne. Kai da alama ce abin nemanka, tsabar da alamarta ta yanke ta rasa rabin amfaninta. Da a ce H ɗin ne ya shafe, MOSTP kuma ta fito sarai, da Ostiya zan ce ka ɗauka.

Ka tabbatar da kowacce a kundin Roman Imperial Coinage, mujalladi na 6, wanda Sutherland ya fitar a 1967. Shi ya tattara tsabar wannan zamani, duk da Kartaj da Ostiya, kuma lambobinsa dillalai ke ambata. Ka kuma tambayi inda tsabar ta fito da takardar da ke nuna hannun da ta bi, domin Italiya da Tunisiya duk suna da dokoki masu tsauri kan fitar da kayan tarihi. Idan ta iso, don Allah kada ka goge ta da toka ko lemun tsami kamar tasar gida. Launin nan kore ko ruwan ƙasa da ya kwanta a jikinta shi ne garkuwarta, in ya tafi darajarta ta tafi. Abin tsoro shi ne kore mai haske mai kama da gari, wanda ke fitowa in laima ta yi yawa, musamman da damina. Wannan ciwo ne da ke cin tagulla. Ka ajiye ta a busasshen wuri cikin ambulan takarda, ban da leda mai laushi.

In ka fara da Kartaj, hanya a buɗe take: ka nemi sauran ukun, A, Γ da Δ, ka haɗa sarakunan huɗu a jere, biyu da I biyu da H. Bayan nan ka sayi MOST mai cikakkun haruffa, sannan ta Arl mai PARL a gindi, ka bi sawun maƙerar daga Afirka zuwa Italiya zuwa Faransa. Sai dai ka yi hattara da Arl, domin a 328 an sauya wa garin suna zuwa Kwanstantina, alamarta ta koma PCONST da SCONST, mutane da yawa kuma na ɗauka ta Kustantiniyya ce, wato Istanbul ta yau. Ta Kustantiniyya CONS ce, harafin rumfarta na Girkanci ne kuma a baya yake zuwa, kamar CONSA ko CONSΓ. Ta Arl harafin Latin ne, a gaba.

Ka ce wa dillalin ya turo maka hoton gefen ta Kartaj ɗin ma. In ka ga wani layi siriri ya zagaye bakinta kamar an haɗa faifai biyu, zubi ce, ba bugu ba, ka bar masa kayarsa.