Jama'a a yi hattara da mai "mayar da tsohon bidiyo 4K" ɗin nan

Salam 'yan uwa, musamman masu ɗaukar bidiyon biki da masu editin, dan Allah ku karanta kafin ku miƙa wa wani kaset ko memorinku. Akwai wani bawan Allah da ke tallata kansa a Facebook da status wai yana juya bidiyon kyamara ya koma MP4 kwaliti bai ragu ko ƙwayar zarra ba, har wai yana ɗaga shi ya koma 4K. Ba zan kama suna ba, wanda ya taɓa faɗawa hannunsa ya san shi.

Ni kaset shida na MiniDV (ƙananan kaset ɗin kyamarar bidiyo) na kai masa, na bikin yayata ne tun 2007, marigayi Baba yana ciki, sai memorin kyamarata Handycam mai fayilolin bidiyo na MTS da suke ta sarƙewa in na sa su a editin. Ya karɓi dubu 30, ya ce kwana uku, sai da aka yi sati uku ina binsa, yau ba wuta gobe ya tafi ta'aziyya, ƙarshe ya aiko yaro da filas.

Wallahi tun kafin in kunna gabana ya faɗi, duka kaset shidan 4GB suka ci. To ku ji, awa ɗaya ta MiniDV in an kwafe ta tsakani da Allah wajen 13GB take ci, domin ta wayar FireWire ake janyo ta zuwa kwamfuta yadda take a kan kaset, ba a matse komai. Shi kuwa da gani ka san da wayar nan mai jan kai da fari da rawaya ya jona, da ɗan USB mai araha, sannan ya matse iya matsewa. Fuskokin mutane kamar an shafe su da man shanu, in mutum ya motsa sai ka ga layi-layi kamar haƙoran mataji. Amma ka duba bayanin fayil, ga 3840x2160, wato girman 4K, a rubuce ɓaro-ɓaro! Alhali MiniDV irin namu 720x576 ne, ko waye kai ba za ka fito da abin da kyamarar ba ta ɗauka ba, hura shi kawai ya yi kamar balan-balan.

Na memorin ne ya fi ƙona min rai. MTS fa ba ya ma buƙatar a sake matse shi, H.264 ne a ciki, wato irin matsin bidiyon da MP4 ma ke ɗauka, mazubi kawai ake canja masa ya koma MP4 ko MOV, hoton bai taɓu ba, kuma sofwaya irin FFmpeg ko Shutter Encoder suna yin wannan kyauta cikin 'yan mintuna. Shi ya matse su, kuma ya yi wa katin fomat wai "ya gyara min shi", aikin mutane na suna da walima duk na asalin ya tafi. Sannan babu kunya ya ce in ƙara dubu 10 ya saka min "orijinal sofwaya", da na leƙa ashe HandBrake ce, wadda kowa ke saukewa kyauta, ita kuma kullum sai ta sake matse bidiyo. Da na ɗaga murya na ce a dawo min da kayana, kaset huɗu ya bayar, biyu wai ana nema, washegari ya yi bulokin ɗina.

Laifina ne ma da ban ajiye kwafi ba. Kafin kati ya bar hannunka kwafe foldar PRIVATE da ke cikinsa gaba ɗaya a had dis, ba MTS ɗin kaɗai ba, ka kuma ja ɗan makullin gefen katin. In kaset ne ba shi ɗaya ya gwada tukuna, ka ce ya nuna maka FireWire ɗin da idonka, ka duba nauyin fayil kafin ka biya ko sisi. Kada ka yarda a turo maka aiki ta WhatsApp a matsayin bidiyo, shi ma yana matsewa.

Yanzu dai huɗun nan suna hannuna, in akwai mai kyamarar MiniDV da FireWire ɗinta ke aiki ya yi min magana, ni zan zo da kaina in zauna a gama a gabana.