Azurfa, tsohon kuɗi ko kaset: wanne za ka zuba wa jarinka a Tawa?

Ranar Lahadi da yamma, bayan kasuwa ta watse, ƙanena ya same ni a ƙofar gida da ƙullin tsumma a hannu. Ya kwance: wasu sulalla da suka yi baƙi, da sarƙa guda, da wani dutse mai nauyi. Ya ce, "Yaya, jika 100 gare ni. An ce Turawa na sayen irin waɗannan ta intanet da tsada. Wanne zan ƙaro?" Na shimfiɗa masa tabarma na ce ya zauna. Sefa 100,000 ba kuɗin wasa ba ne a garin nan, kuma na san yadda aka tara su.

Masu sayen suna nan, wannan gaskiya ne. Da can da ƙafarsu suke zuwa, su bi ta Tawa su wuce Agadas, su tsaya a shagunan Château 1 ko ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata a Yamai. Tawayen 2007 da sace-sacen baƙi da aka yi a 2010 da 2011 suka datse wannan hanya. Maƙeri yana nan, mai so yana can, salula ce kawai ta rage tsakaninsu. Sai dai ba kowane tsohon abu ba ne kuɗi, kuma ba kowane mai kuɗi ba ne doka ta yarda ya fita. Ni kafin in miƙa ko dala ɗaya, sai na tabbatar zan iya gane na gaskiya da hannuna, na san yadda zai ƙetare iyaka ba tare da ɓoye-ɓoye ba, na kuma san wanda zai saya a nan gida in na waje ya ƙi.

Da wannan ma'auni, azurfar maƙera ce ta fi komai, kuma ita na fi ba mai farawa shawara. Ina nufin zobe, awarwaro, ƴan kunne, da abin wuyan nan da Faransawa ke kira croix d'Agadez. Yau ana lissafa samfuri 21, kowane da sunan garinsa: na Agadas, na Ingal, na Iferuwan, na Timiya, na Damagaram, har da namu na Tawa. Akwai masu tarawa da burinsu su haɗa 21 ɗin cif, ka ga wanda ya sayi ɗaya ya ji daɗi zai dawo neman saura. Azurfa ba ta da nauyi, ba ta ruɓewa, zafi ba ya taɓa ta. In ta yi wata 6 ba ta fita ba, maƙerin da ke bayan kasuwa zai ɗora ta a sikeli ya ba ka kuɗin nauyinta. Ba za ka tashi a tutar babu ba.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen ƙarfen. Akwai farin ƙarfen da ake haɗawa da jan ƙarfe da nikel da tutiya, yana ƙyalli kamar azurfa alhali ko ɗigonta babu a ciki. Maganaɗisu yana kama na baƙin ƙarfe, amma wannan ba ya kama shi, don haka gwajin maganaɗisu kaɗai bai wadatar ba. Lambar 925 da ake bugawa a baya tana nufin kashi 925 cikin 1,000 azurfa ce, amma kowa na iya buga lamba. Ka sayi ƙaramin sikeli mai auna gram da ruwan gwajin azurfa tun kafin ka sayi haja. Abin da ya fi duka kuwa, ka je maƙera da kanka, ka zauna, ka ga an siffanta kakin zuma, an lulluɓe shi da yumɓu, an narkar, an zuba. Gani ya kori ji. Ka nemi izni ka ɗauki bidiyon aikin, ka roƙi maƙerin ya zana sunansa da Tifinag, rubutun Abzinawa, a bayan kayan kamar yadda da yawansu ke yi. Mai saye a Lyon ko Berlin wannan yake biya, fiye da nauyin ƙarfen.

Abu ɗaya nake roƙo a nan. Kada ka shafa wa sabon aiki toka da mai ka ce na kakanni ne. Sabo ne, ka ce sabo ne, ka faɗi garin da aka ƙera shi. Waɗanda suka daɗe suna tarawa sun san yadda zaren wuya ke cinye ramin tsohuwar sarƙa a hankali cikin shekaru, kuma sun san cin da aka yi da magagari jiya. Ranar da ɗaya ya kama ka ya rubuta a shafinka, kasuwarka ta mutu, ka kuma shafa wa maƙeran da ba su ji ba su gani ba.

Sai tsohon kuɗi, wanda shi ne ya fi ruɗin matasa. Cikin sulallan ƙanena akwai babbar dalar azurfa mai hoton mace, an rubuta 1780. Idonsa har ƙyalli yake, yana lissafin shekara sama da 240. Wannan dalar Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya da ta rasu a 1780, kuma tun daga lokacin duk wadda aka sake bugawa shekarar nan ake sa mata, har da waɗanda aka buga a ƙarni na 20. An buga ɗaruruwan miliyoyi. Da ita kakanninmu suka yi fatauci, ita maƙera suka riƙa narkarwa suna ƙera kayan ado. Saboda haka shekarar da ke jiki ba shaidar tsufa ba ce. Darajarta tana cikin ƙarfenta: nauyinta gram 28, kashi 833 cikin 1,000 azurfa, wato kimanin gram 23 na tsantsa. Ka duba farashin azurfa na ranar, ka lissafa, kada ka biya abin da ya zarce haka da yawa. In sikeli ya nuna ta gaza sosai, ko ka buga ta a ƙasa ka ji ƙarar ta mutu ba ta yi amo ba, mayar wa mai ita.

Kobo da anini masu huji da ke shigowa ta Konni, na zamanin Ingilishi ne a Afirka ta Yamma. Akwai na 1936 masu sunan Edward na 8, sarkin da bai cika shekara a kan gado ba. Labarin yana da daɗin faɗa, amma an buga su da yawa, kuɗinsu kaɗan ne. Haka tammar gorar ruwa ta zamanin Faransa. Irin waɗannan a tara su a sayar jimla ya fi.

Takardun sefa sun ɗan fi. An ƙirƙiro sefa a 1945, kuma bankin BCEAO yana sa wa kowace ƙasa harafinta a jikin takarda: A na Kodebuwa, K na Senegal, D na Mali, H namu na Nijar. Masu tarawa harafi da shekara da sa hannu suke bi. Samfurin 1992 an janye shi a 2004, ba ya sayen ko goro yanzu, amma wanda bai taɓa lanƙwasa ba yana da masu nema. Matsalar ita ce kuɗinmu a ƙulle yake kwana, a lalita, a bakin zane, cikin gumi. Takardar da ta sha ninki huɗu ta rasa mafi yawan darajarta. Kada ka wanke, kada ka goge da dutsen guga, kada ka sa wa sulalla lemun tsami don su yi haske. Baƙin nan da kake ganin datti ne, shi mai saye yake nema.

Kan sarkin wasiƙa ba zan daɗe a kansa ba. Yawancin na bayan samun ƴancin kai a 1960 suna jibge a hannun dillalan Turai, araha. In ka samu tsohon ambulan cikakke, da kan sarkinsa da hatimin gidan waya na Tawa ko Bilma ko Ngigmi na zamanin mulkin mallaka, to wannan kam kada ka ɓamɓare, dukansa ake so. Kundin Yvert et Tellier ne ake duba lamba a ciki, kasuwarsa kuma shafin Delcampe na ƙasar Beljiyam, inda ake sayar da tsofaffin katunan hoto ma. Amma a nan gida ba ka da mai saye ko ɗaya, in bai fita ba ka yi asara.

Kaset da faifai sana'ar mai kunne ce. A 1978 Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na ogan ɗin lantarki a Yamai, kaset ɗin bai yaɗu ba, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, duniya ta ji. Tun daga nan ake neman tsofaffin kaset na Sahel, kuma shafin Discogs ne dandalinsu. Sai dai rana da ƙurar Adar ba sa barin zaren kaset lafiya, faifai kuma lanƙwashewa yake. Kada ka saya sai ka saurara daga farko har ƙarshe, ka duba bangon na asali ne ko kwafin kasuwa. Sayar da kaset ɗin da ka mallaka halal ɗinka ne. Kwafar waƙar kana sayarwa kuwa cin haƙƙin mawaƙi ne da magadansa, kuma hana wannan shi ne aikin BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar.

Yanzu dutsen. Na san abin da ya sa ya ɗauko shi. A Nuwamban 2023 aka tsinci wani dutse da ya faɗo daga duniyar Mars a jihar Agadas, nauyinsa ya kusa kilo 25, aka yi gwanjonsa a Sotheby's da ke New York a Yulin 2025 a kan sama da dalar Amurka miliyan 5. Gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Tun daga nan kowane baƙin dutse ya zama na sama a bakin dillalai. Kai ba ka da na'urar gwadawa, sayensa cinikin biri a sama ne, kuma ko na gaske ne ba ka da hanyar fitar da shi. Haka kawunan yumɓu na Bura da ake tonowa a yankin Tera, waɗanda ke cikin jan kundin kayan tarihin da ke cikin haɗarin sata na hukumar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, tun 2000. Haka ƙasusuwan dabbobin da na Gadufawa, da kiban dutse na Tenere. Doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997 ta kare su. Ko babu doka ma, tukwanen Bura daga maƙabarta ake ciro su, kuma wurin da aka tone da dare an shafe tarihinsa ke nan har abada. Zuciyata ba ta yarda in ci abinci da wannan ba. Hauren giwa da fatun namun dawa kuma yarjejeniyar duniya kan cinikin namun dawa, CITES, ta tsare su, a filin jirgi za su tsaya tare da sunanka. Duk abin da ka yi shakkar tsufansa, kai shi gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai a duba kafin ka sa hotonsa a ko'ina.

Wasu za su ce to kilishi da cuku fa, da ƴan'uwanmu na waje ke mararinsu? Tarayyar Turai ba ta yarda a aika wa mutum nama ko kayan madara daga ƙasashenmu ba, za a ƙwace. Kasuwar waɗannan tana Yamai, Kwatanu, Lome da Abijan.

Saura batun inda za a sayar, kuma nan ne riba ke tabbata ko ta zube. Facebook da WhatsApp da TikTok ba sa cire maka kaso. Mai saye a Yamai ko Maraɗi ya turo ta Nita ko Amana ko Airtel Money, ka sa kaya a motar Rimbo, gobe ya karɓa. Ribar ƙarama ce amma kuɗi na juyawa. Kada ka saki kaya don an turo maka hoton rasit, sai kuɗi ya shiga hannunka. Shafukan waje sun fi farashi, sun kuma fi cin kaso: Etsy na cire kashi 6.5 cikin 100 ban da kuɗin sa haja da na karɓar biya, eBay kuma yakan wuce kashi 10. Kafin ka sayi haja dominsu, buɗe asusun ka tabbatar kuɗin zai iya iso ka a Nijar, don ba kowane tsarin biya ke sauke kuɗi a nan ba. Da yawa ta hannun ɗan'uwa a Faransa ko Beljiyam suke bi. In haka za ka yi, ku rubuta kason kowa tun ran farko, zumunci ya fi ƙarfin ƴan yuro.

Yi lissafi da alƙalami. A ce ka sayi abin wuya jika 8, ka sayar yuro 35. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, ka ga kusan jika 23. Cire kason shafi, cire kuɗin aikawa mai lambar bin sawu, cire na cirar kuɗi. In guda ɗaya za ka ba DHL, kuɗin aikawa kaɗai na iya haɗiye ribar har ya taɓa uwar kuɗi, shi ya sa ake tara 20 ko 30 a aika lokaci guda, ko a tambayi farashin Niger Poste a gwada. Ka kuma gaya wa mai saye gaskiya tun da wuri: daga 1 ga Yulin 2021 kowane ƙunshi da ya shiga Tarayyar Turai ana biya masa haraji komai ƙanƙantarsa, Amurka ma ta soke yafe haraji ga ƙunshin da bai wuce dalar Amurka 800 ba a Agustan 2025. Rubuta ainihin abin da ke ciki da ainihin kuɗinsa a takardar duwan.

Ƙanena ya mayar da dutsen ga mai shi. Dalar mun auna ta, ta cika gram 28, ya riƙe. Jika 15 ta tafi wajen sikeli da ruwan gwaji da farin ƙyallen ɗaukar hoto, jika 50 ya ba wani maƙeri da mahaifinmu ya sani tun suna samari, ya yi masa samfurin Tawa da na Ingal da ƴan zobba, sauran kuma na ce ya bar su a ajiye saboda kuɗin aikawa. Ranar Alhamis zai koma ya ɗauki bidiyon zubin farko.