Lambar 115 a Faris: a kira ta, amma kada a dogara da ita kaɗai

Duk wanda dare ya yi masa a titin Faris, babban birnin Faransa, ba shi da makwanci, lambar da za a fara faɗa masa ita ce 115. Kyauta ce, ko babu kuɗi a waya tana shiga, kuma ana amsawa dare da rana. Samusocial ke riƙe da ita a birnin, hukumar da likita Xavier Emmanuelli ya kafa a 1993. Dokar Faransa ta ce masaukin gaggawa haƙƙin duk mai tsananin buƙata ne, da takardun zama ko babu.

A takarda ke nan. A aikace layin cunkushe yake, mutum zai daɗe riƙe da waya kafin a ɗauka, shi ya sa cajin waya ya zama rabin aikin. Idan an ɗauka za a tambayi suna, ranar haihuwa, unguwar da kake da lafiyarka. In akwai ciwo a faɗe shi tun farko, domin da shi ake tantance wanda za a fara bai wa gado. Mata masu ciki da masu yara ne a gaba. Namiji shi kaɗai, mai ƙarfi a jika, yakan ji "babu wuri, sake kira gobe".

Ko an dace, sau da yawa kwana ɗaya ne: babban ɗaki, gadaje a jere, gari na wayewa a fita. Kuɗin cizo da ɗauke-ɗauke ne ke sa wasu gwammace kwana a waje. Waya da takardu a jiki ake kwana da su, ba a jaka ba.

Abin da ya fi tafiya daidai hidimar rana ce. Gidajen wanka na birnin kyauta ne, kowa da ɗakinsa, sai dai ka zo da sabulu da tawul. Akwai cibiyoyin wuni da ake shan shayi, a wanke kaya, a yi caji. Ƙungiyar agaji ta Restos du Cœur na raba abinci, shafin intanet na Soliguide kuma na nuna wurare da lokutan buɗewa.

Wani babban kuskure shi ne jinkirin neman adireshin karɓar wasiƙa a ofishin jin daɗin jama'a ko wata ƙungiya da aka amince da ita. Ba tare da shi ba, takardar neman magani da ta neman gida duk tsayawa suke yi.