Allurar sanƙarau ta MenFive: abin da na gani ranar da aka yi wa 'ya'yana uku

Ƙanwata ba ta ji. Tana 'yar shekara biyar sanƙarau ya kama ta a bazarar 1996, lokacin ina aji biyu a sakandare. Allah ya tashi kafaɗunta, amma kunnuwan sun tafi, har yau idan zan kira ta sai na taɓa ta. A shekarar nan mutum sama da 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san da wane ido nake duban duk abin da aka ce rigakafin sanƙarau ne. Ina ƙaunarsa tun kafin in gan shi, kuma saboda haka nake bin diddiginsa fiye da yawancin iyaye.

Ni malamin ilimin halittu ne a wata sakandare a Jigawa. A ƙarshen watan Maris na 2024, azumi ya kai tsakiya, rana tana dukan ƙasa, mai shela ya zaga unguwa da lasifika yana cewa a fito da yara da matasa daga shekara 1 zuwa 29 a yi musu allurar sanƙarau kyauta. Cutar ta riga ta shigo. Daga farkon Oktoban 2023 zuwa 11 ga Maris an ƙirga mutum 1,742 da ake zaton sun kamu a jihohi bakwai, cikinsu har da tamu da Yobe da Bauchi, 153 kuma sun rasu. Allurar da aka kawo sabuwa ce, sunanta MenFive, kamfanin Serum Institute na Indiya ne ya yi ta tare da ƙungiyar PATH, kuma Najeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara yi wa jama'a ita.

Na ɗauki uku: babban ɗana mai shekara 17, 'yar tsakiya mai 9, da auta mai 2. Mahaifiyarsu ta haura 30, saboda haka ba ta cikin lissafi, ni kuwa ba a ma maganata.

A ƙofar gidan mai unguwa aka kafa teburi, ƙarƙashin darbejiya. Ma'aikata huɗu ne, mata biyu masu yin allura, ɗaya mai rubuta kati, da wani saurayi mai tsara layi. Abin da na fara dubawa shi ne akwatin sanyi, domin rigakafin da ya sha zafin rana sunansa kawai ya rage. Akwatin yana inuwa, a rufe, ba a buɗe shi sai za a ɗauko kwalba. Maganin gari ne a 'yar kwalba, sai an zuƙo ruwansa an haɗa an kaɗa, kuma a gabanmu ake haɗawa. Kowane yaro da sabon sirinjinsa daga leda, ana gamawa a jefa shi cikin kwalin da aka tanada. Na tsaya kusan awa ɗaya a layi ban ga an saɓa wannan ba ko sau ɗaya. Na roƙi a nuna mini kwalbar, matar ta miƙo ba tare da ɓata rai ba, ta ce, "Malam, duba ranar lalacewarsa ma, ga ta nan." Na duba, da saura.

Babban ɗana ya ja baya, ya ce, "Baba, ina azumi fa." Ba shi kaɗai ba, samari da yawa sun tsaya daga nesa saboda wannan. Limamin unguwa da ke zaune kusa da mai unguwa ya ce allurar da ba abinci ba ce ba ta karya azumi, ya tura nasa jikan gaba. Daga nan layin samari ya cika. Ban san ko an shirya zaman liman a wurin ba ne ko dacewa aka yi, amma ya yi aikin da lasifika ba ta yi ba.

Da daddare auta ta yi ɗan zazzaɓi, muka ba ta farasitamol, da safe ta koma wasanta. 'Yar tsakiya ta kwana biyu tana cewa damtsenta ya yi nauyi. Babban bai ce komai ba. Iyakar abin da muka gani ke nan.

Yanzu ga abin da ya sa na amince da wannan allura, kuma shi ne abin da na so a ce an bayyana wa mutane a ƙarƙashin darbejiyar nan.

Ƙwayar da ke kawo irin wannan sanƙarau tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa, kusan ɗaya cikin goma, ba tare da ta yi musu komai ba. Tun 1887 wani likita a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Anton Weichselbaum, ya gano ta a ruwan laka na waɗanda suka mutu, amma aka yi shekara tamanin ba a san dalilin da ya sa take kashe wani ta bar maƙwabcinsa ba. Amsar ta fito ne daga barikin soja. A ƙarshen shekarun 1960 sanƙarau yana kashe kuratan sojan Amurka, sai masu bincike uku a cibiyar Walter Reed, Emil Gotschlich da Irving Goldschneider da Malcolm Artenstein, suka yi wani abu mai sauƙin faɗa mai wuyar yi. Suka ɗibi jinin dubban kurata a barikin Fort Dix tun ranar shigarsu, suka adana, suka jira. Da wasu suka kamu, sai aka koma ga jininsu na ranar farko, aka zuba shi a kan ƙwayar cutar a faranti don a ga ko zai kashe ta. Cikin mutum 54 da suka kamu, 3 kawai jininsu yake iya kashe ta. Cikin abokan zamansu da ba su kamu ba, sama da kashi 80 cikin 100 jininsu yana kashewa. Suka kuma nuna cewa jariri yana zuwa duniya da wannan kariya daga mahaifiyarsa, ta yi ta raguwa har ta kai ƙasa tsakanin wata shida da shekara biyu, sannan ta sake hawa a hankali. An buga wannan a 1969.

Duk shekara nakan ba ɗalibaina labarin nan, domin babu wani darasi da ke nuna musu aikin garkuwar jiki a fili kamarsa. Ƙwayar tana sanye da riga ta wani irin sukari, rigar ce ke ɓoye ta. Wanda jininsa ya san rigar zai kama ta ya fasa ta kafin ta kai ga ƙwaƙwalwa. Gotschlich ya tace sukarin rigar tsantsa ya mai da shi rigakafin nau'i biyu na ƙwayar, A da C, aka ba shi lambar yabo ta Lasker a 1978, ya kuma ƙare rayuwarsa yana bincike a Jami'ar Rockefeller. Ya rasu a farkon 2023, watanni kaɗan kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da MenFive a watan Yuli. Kuma da irin wancan gwajin na faranti aka auna ta. An yi wa mutum 1,800 'yan shekara 2 zuwa 29 a Mali da Gambiya, bayan kwana 28 aka duba ko jininsu yana kashe ƙwayar. Allurar da ta shiga jikin autata a kan aikin mutanen nan uku take tsaye.

Mu ma muna da hannu a tarihin. A Zariya, cikin shekarun 1970, Brian Greenwood da Hilton Whittle da abokan aikinsu a Jami'ar Ahmadu Bello sun yi shekaru suna nazarin sanƙarau a kan marasa lafiyarmu, lokacin da yake zuwa da ƙurar hunturu ya tsananta da zafin bazara, ya lafa da saukar ruwan sama. Tsofaffinmu sun san wannan tun kafin a rubuta shi.

Allurar sukari tsantsa tana da rauni. Ba ta kama jikin ƙananan yara sosai, kariyarta 'yan shekaru ce, kuma ba ta share ƙwayar daga maƙogwaro. Irinta ake kawo mana a da, bayan annoba ta riga ta ci rabin gari. Gyaran da aka yi shi ne ɗaure sukarin a jikin wani furotin, yadda garkuwar jiki za ta ɗauke shi da muhimmanci ta kuma riƙe shi a ƙwaƙwalwarta. Da wannan dabara aka yi MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Najeriya a 2011, a kan kuɗin da bai kai rabin dalar Amurka ba kowace allura. Ta yi wa nau'in A, wanda ya yi ɓarnar 1996, kisan mummuƙe. Amma ƙwayar ba riga ɗaya gare ta ba. Nau'in W ya ɓulla a aikin Hajji na 2000 da 2001, abin da ya sa aka wajabta wa maniyyata allurar sanƙarau wadda ta haɗa da nau'in W. Nau'in X ya yi annoba a Nijar a 2006. Nau'in C ya afka wa Nijar a 2015, ya dawo ta Zamfara da Sakkwato a 2017 ya kashe sama da mutum 1,000. MenFive ta haɗa biyar a allura ɗaya: A, C, W, Y da X, kuma ita ce ta farko da ta taɓa X.

To, a nan ne ƙorafina na farko yake. Mutane da dama sun ce, "Ai an yi mana ta sanƙarau tuntuni," suka juya. Gaskiya suka faɗa, an yi musu ta A. Wanda ke kashe yara a lokacin C ne. Jimla biyu sun isa su warware wannan, amma mai shela bai faɗe su ba, ma'aikatan kuma layi ya yi musu yawa. Ni na tsaya na yi wa wasu iyaye bayani, uku suka dawo da 'ya'yansu. Nawa ne suka tafi gida ba su ji ba?

Akwai kuma kishiyar wannan, wadda ta fi ba ni tsoro. Wata maƙwabciyarmu ta ce mini yanzu hankalinta ya kwanta, sanƙarau ya ƙare a gidanta. Bai ƙare ba. Allurar ba ta ɗauke nau'in B, ba ta kuma hana sanƙarau da ƙwayar cutar huhu ke kawowa. Jiki ma yana buƙatar kamar mako biyu kafin kariyar ta kafu. Yaron da ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, wuyansa ya sanƙare, ko jaririn da maɗigarsa ta kumbura ya ƙi nono, asibiti za a kai shi a daren, ko da katinsa na aljihu. Wannan ciwo yana iya kashewa cikin kwana ɗaya. Babu wanda ya faɗi haka a wurin, kuma ina ganin wannan gibi ne babba.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ba a tanadi wurin da yara za su ɗan zauna bayan allura a ga yadda jikinsu zai yi ba, ana yi maka sai ka kama hanya. Kwanakin sun yi kaɗan ga mutanen ruga da ƙauyukan nesa. Almajiran wata tsangaya da ke bayan gidanmu sai rana ta ƙarshe aka je musu, alhali su ne masu kwana ashirin a ɗaki ɗaya, inda ƙwayar ta fi saurin yawo. Kuma ban manta ba cewa tun gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a annobar 1996 akwai iyayen da ke ɗari-ɗari da duk wani sabon abu. Ba na ganin laifinsu. Irin waɗannan iyaye a nuna musu kwalba, a amsa tambayarsu, kamar yadda matar nan ta yi mini.

Babban ƙorafina bai shafi ma'aikatan ba, bai kuma shafi maganin ba. Allurar ta zo ne bayan an yi jana'iza. Wurin da ya dace da ita shi ne jerin rigakafin jarirai na yau da kullum a kowane asibitin sha-ka-tafi, da kuma ƙofar kowace makarantar kwana kafin hunturu ya kama.

Ga mai tambayata ko ya kai nasa: ya kai su. Allura ɗaya ce a damtse, ƙanana a cinya, ba a karɓi ko sisi ba, ciwonta na kwana biyu ne. Ya tambayi nau'o'in da ta ɗauke, ya duba akwatin sanyi da idonsa, ya karɓi kati.

Katunanmu uku na sa su a leda cikin jakar takardun haihuwa. Da ƙanwata ta zo barka da salla na fito da su na nuna mata, na yi mata alamar allura a damtse, sannan na taɓa bayan wuyana. Ta gane. Ta ɗaga yatsu biyu, wato nata biyun, ta nuna mini an yi musu su ma a garinsu, ta jawo auta ta ɗora a cinya tana neman wurin da allurar ta shiga.