Lesin Turanci na yamma a Mamobi: abin da na gani

Iyayen yara masu shirin BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, sun dame ni da tambaya kan lesin da nake kai 'yata a unguwar Mamobi ta Accra, to ga amsa gaba ɗaya. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon tela, da benci da allo da malami guda. Sidi 150 ake biya a wata, ana farawa bayan La'asar a tashi gab da Magariba.

Abin da ya sa ban yi kukan kuɗina ba shi ne yadda malamin ya warware mata rikicin ɗan waƙafin nan na sama da Turanci ke nuna mallaka da shi. Mu a Hausa kunne ke raba gardama: littafin yaro daban, littafin yara daban. A Turanci kuwa boy's da boys' furucinsu ɗaya, sai a rubuce ake gane ko yaro guda ne ko da yawa. Nan yara ke zubar da maki a jarrabawar WAEC.

Malam ba ya sa su haddar doka. Cewa yake: "Ku fara rubuta jam'in tukuna, ku ajiye biro, ku dubi harafin ƙarshe." In s ne, waƙafi kaɗai za a ɗora a bayansa, lady ta zama ladies, ta zama ladies'. In ba s ba ne, irin su men, women, children, sai a sa waƙafi sannan s ya biyo. In kuwa babu wanda ya mallaki komai, to a bar waƙafi ya huta. Mai sayar da tomatoes ba ya bukatarsa.

Wata rana na je ɗaukarta na tarar ya rubuta Wesley Girls' High School ta Cape Coast a sama, Princess Marie Louise Children's Hospital na nan Accra a ƙasa, yana tambayar me ya sa waƙafin ya sauya wuri. Aikin gida kuma, kowa ya kwafo allunan shaguna daga tagar trotro, wato motar haya. Tawa ta kwafo childrens' wear daga wani shago a hanyar shataletalen Circle, ta ja masa jan layi tana ta murna. Yanzu ko saƙon WhatsApp na yayyenta bai tsira ba.

Sai dai akwai gyara. Yara sun yi wa ɗakin yawa, fanka ɗaya ce, in aka ɗauke wuta zufa ce kawai. Na baya ba sa ganin allo sosai, ga shi abin da ake koyarwa ɗan ɗigo ne. Na ce masa, "Malam, ko za a raba su biyu?" Ya ce sai bayan Sallah. Lissafi kuma ba fanninsa ba ne, ko da yake yana karɓar masu so. Wannan ku nema wa yaranku wani wuri.