Injin iska da tashar gas: wanne ya fi barin mutane cikin duhu?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya a zaure. Ya ce ya ga bidiyon injin iska, wato mai fikafikai da iska ke juyawa ya samar da lantarki, yana ci da wuta a saman hasumiyarsa, wani kuma fiffikensa ya karye ya faɗo, shin lantarkin da irin waɗannan injina ke bayarwa abin dogaro ne kamar na tashar gas? Malam, tambayarka ta dace, amma abu biyu ne a cikinta: lalacewar injin da kansa, da kuma kwanciyar iskar da ke juya shi. Idan aka cakuɗa su, amsa ba za ta fito daidai ba.

Mu fara da lalacewa. Injin iska yana shan wahala fiye da yadda yake bayyana daga nesa. Fikafikan kan yi zagaye 10 zuwa 20 ne kawai a minti, amma bakin fiffiken yana gudun da ya kusa kilomita 300 a sa'a. A wannan gudun, ɗigon ruwan sama da ƙura suna cin gefen fiffiken a hankali, har ya yi kaushi ya rage jan iska. A cikin akwatin da ke saman hasumiya akwai giyabos wanda ke ɗaga wannan jinkirin juyi zuwa kimanin 1,500 a minti domin janareta. Masu gyara kan ɗebi man giyabos su duba, idan suka ga ɓarɓashin ƙarfe a ciki sun san boris ko haƙorin giya ya fara cinyewa. Ƙananan matsalolin waya da na'urorin sarrafawa su ne suka fi yawan tsayar da injin, sai dai ana gyara su cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Giyabos da fiffike ba sa yawan lalacewa, amma ranar da suka lalace sai an kawo babbar motar ɗaga kaya, a teku kuwa sai an jira jirgi na musamman da lafawar igiyar ruwa, aiki ya ci makonni.

Duk da haka, injin da ke kan tudu yana samun kulawa yakan kasance a shirye da aiki kimanin kashi 97 cikin 100 na lokaci. Kuma ga inda ya fi tashar gas: injin iska ɗaya megawat 3 zuwa 6 yake bayarwa a kan tudu. Idan gonar iska, wato filin da aka kafa injinan da yawa, tana da injina 100, ɗaya ya ƙone, sauran 99 suna ci gaba da juyawa, mai kunna fitila ba zai ma sani ba. Injin gas ɗaya kuwa yana iya ba da megawat 400 ko fiye, kuma idan ya faɗi, wato ya tsaya kwatsam, gaba ɗaya yake faɗuwa cikin daƙiƙa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne aibin da ya shafi injina da yawa lokaci guda. A 2023 kamfanin Siemens Gamesa ya amsa cewa akwai matsala a fikafikai da boris na sababbin injinansa na kan tudu, hannun jarin uwar kamfanin ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin uku a yini guda. A ganina gaggawar ƙera injin da ya fi na bara girma, kafin a gama gwada na baran, tana cikin abin da ke jawo irin wannan. Haka a Birtaniya, ranar 9 ga Agusta 2019, tsawa ta faɗa kan layin lantarki, gonar iska ta Hornsea da ke teku ta sauke fiye da megawat 700 nan take saboda yadda aka saita na'urorinta, mutane fiye da miliyan 1 suka rasa wuta. Amma a lura, tashar gas ta Little Barford ita ma ta faɗi a daidai wannan lokacin. Tare suka yi ɓarnar.

Jihar Texas ta Amurka a Fabrairun 2021 ta ƙara nuna haka. An yaɗa hotunan fikafikan da ƙanƙara ta daskarar, aka ɗora musu laifin duhun da ya rufe gidaje fiye da miliyan 4. Lallai sun daskare. Amma binciken hukumomin makamashi na Amurka ya nuna kashi 58 cikin 100 na injinan da suka tsaya ko suka rage aiki na gas ne, domin rijiyoyi da bututai da na'urorin awo sun daskare su ma. Na iskan da na gas ɗin duka ba a shirya su don irin wannan sanyi ba, alhali injinan iska suna aiki a arewacin Sweden da Kanada da na'urar ɗumama fiffike.

To, a ɓangare na biyu, wato kwanciyar iska, gas ya yi wa iska nisa, ba gardama. Injin iska ba ya fara aiki sai iska ta kai mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, yana cika ƙarfinsa a wajen mita 12, yana kuma kashe kansa idan ta wuce mita 25 don kada ya karye. Idan gudun iska ya ragu da rabi, ƙarfin da ke cikinta yana komawa kashi ɗaya cikin takwas ne, ba rabi ba. Shi ya sa injin kan tudu, lafiyarsa ƙalau, yake ba da kashi 25 zuwa 40 kawai na abin da zai iya a shekara, na teku kuma 40 zuwa 50. Kuma idan iska ta kwanta, a kan yanki guda take kwanciya, dubban injina su yi shiru tare. Jamus ta ga haka a Nuwamba da Disambar 2024: kwanaki ba iska, rana kuma ba ƙarfi, farashin lantarki ya yi tashin gwauron zabo. Tashar gas kuwa, muddin akwai gas a bututu, ana ce mata tashi ta tashi. Sauƙin da iska ke da shi a nan ɗaya ne: masu hasashen yanayi suna hango kwanciyarta kwana ɗaya ko biyu kafin ta zo, abin da ba a iya yi da faɗuwar babban inji.

Saboda haka Malam, amsata ita ce kada bidiyon gobara ya ruɗe ka, injin yana da ƙarko kuma an ƙera shi ya yi shekara 20 zuwa 25. Tambayar da za ka yi wa duk mai tallata wutar iska ita ce: me ya tanada don makon da iska ta kwanta? Manyan batura na yanzu sa'o'i 2 zuwa 4 suke ɗauka galibi, ba za su rufe mako ba. Denmark tana samun fiye da rabin lantarkinta daga iska kuma ba a santa da ɗaukewar wuta ba, domin ta ja wayoyi zuwa Norway da Sweden da Jamus. Ranar da iska ta yi yawa ta sayar musu, ranar da ta kwanta Norway ta buɗe madatsun ruwanta ta turo mata.