Mazaɓar da aka soke a nan Fort McMurray

Salam jama'ar gida, ya iyali ya ƙoƙari. Masu yawan tambayata wai ɗan majalisarmu na nan Kanada me yake raba mana da azumi, to ga amsa, amma sai na ba ku labarin wata mazaɓa tukunna kafin ku gane yadda abin yake.

Fort McMurray can arewacin lardin Alberta yake, garin mai ne, sai dai man nasu a cakuɗe yake da yashi sai an haƙo an tace. Daga nan zuwa Edmonton inda majalisar lardi mai kujera 87 take zama ya fi kilomita 400. Da can garin duk ɗan majalisa ɗaya gare shi, da aiki ya buɗe mutane suka yi ta kwararowa sai aka raba shi biyu aka fitar da sabuwar mazaɓa, Fort McMurray-Conklin. Don Scott ne ya fara cin ta a 2012, a 2015 Brian Jean shugaban jam'iyyar Wildrose ya kayar da shi ya zama jagoran 'yan adawa. A hannunsa take aka yi gobarar dajin nan ta watan Mayun 2016 wadda ta kori mutum sama da 80,000 daga garin ta cinye gine-gine wajen 2,400, kuma har gidansa shi ɗan majalisar sai da ya ƙone. Ya sauka a 2018, Laila Goodridge ta ci zaɓen cike gurbi, ko shekara ba ta yi a kai ba aka zo zaɓen 2019 babu mazaɓar kwata-kwata. Hukumar shata iyakoki ta 2017 ce ta ga mutanen ciki sun yi kaɗan, don dokarsu ba ta so yawan jama'ar mazaɓa ya yi nisa da matsakaicin lardi da fiye da kashi 25 cikin ɗari, aka haɗe mu da yankin Lac La Biche can kudu. Shekara bakwai kacal mazaɓar ta yi a duniya.

Ku kwatanta da gida, a ce yau an soke ɗaya daga cikin mazaɓun tarayya 24 na Kano, wallahi sai an kwana ana zanga-zanga, kuma ban ga laifin kowa ba, domin a wajenmu rijiyar burtsatse da taransifoma da keken ɗinki da buhun shinkafa duk ta hannun ɗan majalisa suke zuwa, in ka rasa shi ka rasa su. Shi ya sa tun 1996 ba a sake shata mazaɓun Najeriya ba duk da yadda garuruwa suka cika suka batse.

A nan kuwa sunan da ke kan takardar ƙuri'a ne ya canja. Katin lafiya yana nan, ka je asibiti likita ya duba ka ba wanda zai ce ka ajiye ko sisi, amma fa magani da tabarau galibi daga aljihunka ne in wurin aikinka bai yi maka inshora ba, kuma jiran ganin ƙwararren likita sai ya kai watanni, wannan kam a gida in kana da kuɗinka gobe ma ka gan shi. Ruwa da wuta ba sa ɗaukewa, da sun ɗauke a sanyin da ke kai 40 ƙasa da sifiri ai sai mutuwa, mota ma sai ka jona mata waya a soket ta kwana tana ɗumi, za ka ga wayar tana leƙowa ta gaban kowace mota. Ofishin ɗan majalisa ɗan ƙaramin wuri ne, ba 'yan jagaliya a ƙofa ba maroƙa, ka shiga su taimaka maka da fom ɗin gwamnati ko su bi maka kadin takardarka da ta maƙale, shi ke nan. Shinkafa kam kai za ka saya.

Kuma kaya da tsada, kar hoton Facebook ya ruɗe ku. Alberta ba ta da harajin saye na lardi, kashi 5 na tarayya kawai ake ɗorawa, amma kusan komai a tirela ake hauro da shi, attarugun da mai kayan miya zai ba ka gyara a gida nan a 'yar leda yake an manna masa farashi, kuɗin haya kuma shi ke cinye albashi.

Abin da ke damuna da sabuwar mazaɓar shi ne nisa. Lac La Biche tafiyar wajen awa uku ce daga nan, mutum ɗaya zai wakilci ma'aikacin mai da manomi da 'yan asalin ƙasa na ƙauyukan daji, a ganina dole wani ya cutu, kuma na ƙauyen ne zai cutu. Masu shirin zuwa ku sani, katin zama na dindindin ba ya ba ka ƙuri'a, sai ka zama ɗan ƙasa, amma ofishin ɗan majalisa ko ba ka da ƙuri'a za su saurare ka. A gaida kowa da kowa.